Haƙƙin Mai Gida Idan Dillali Ya Sayar Ba da Izininsa Ba



1.0 Gabatarwa

Cikin dukiyar da Bahaushe yake tarawa, babu wadda yake jin zafin rabuwa da ita kamar gida da gona. Dabba idan ta fita hannu ana iya mayar da gurbinta ran kasuwa mai zuwa, amma gidan da aka gada, ko aka gina da gumin shekaru, idan ya tafi da wuya ya komo. Duk da haka, ba kasafai mai gida yake fita neman mai saye da kansa ba. Wani kunya ce take hana shi, domin ana ɗaukar sayar da gida alamar matsi. Wani kuwa nisa ne, yana can Kano ko Legas wajen neman abinci. Wata kuma mace ce mai tsari, ba ta zaman ciniki da maza. Saboda haka sai a nemi dillali.

A Furana da sauran garuruwan yankin Ikara da Makarfi da Kudan, a arewacin masarautar Zazzau, dillanci tsohuwar sana'a ce. Ƙasa ce ta rake da tumatir da masara, kuma kusan duk kayan da aka kai kasuwa ta hannun dillali suke wucewa. Da jama'a ta yawaita, filaye da gidaje suka yi daraja, musamman na bakin hanyar Zariya zuwa Kano, sai dillancin ya tsallako daga buhu da dami zuwa gida da fuloti. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana matsayin mai gida a shari'ar Musulunci da kuma dokokin Nijeriya, idan dillali ya ƙulla ciniki a kan gidansa ba da yardarsa ba, ko ya wuce iyakar da aka yi masa.

2.0 Dillali a al'adar Hausa

A cinikin Hausa akwai kalmomi uku da suka raba aikin kowa. Mai saye shi ke tayi. Idan tayin bai kai ba, a ce masa albarka. Idan ya kai, a sallama. Dillali yana da ikon jawo tayi, da kai shi, da cewa albarka, amma sallamawa ta mai kaya ce. Shi ya sa a kara ake ganin dillali ya bar mai saye tsaye, ya je ya raɗa wa mai dabba abin da aka taya, sa'an nan ya dawo da amsa. Ladansa ita ce la'ada, wadda ake biya bayan ciniki ya faɗa.

Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya rataya ga amanar masu masauki da dillalansu, har ana ba da bashin dukiya mai yawa ba tare da takarda ba. Abin da ya tsare wannan amana shi ne sanayya, domin dillalin da ya ci amana sau ɗaya ya gama cin kasuwa. Cinikin gida ya bambanta da wannan. Mutum yakan sayar da gida sau ɗaya ko sau biyu a rayuwarsa, kuɗin yana da kauri, mai sayen kuma sau da yawa baƙo ne. Dillalin da ba ya tsoron Allah yana iya ganin ribar ciniki ɗaya ta fi masa mutuncin shekara goma.

Ɓarnar takan zo ta fuska huɗu. Akwai wanda ba a wakilta shi ba sam, ya ji dai ana zancen sayarwa ya shiga tallata gidan. Akwai wanda aka ce ya nemo mai saye, shi kuwa ya sallama, har ya karɓi kafin alƙalami. Akwai wanda aka yanka wa farashi ya sayar ƙasa da shi, ko ya sayar sama da shi ya ɓoye rarar. Sa'an nan akwai magajin da ya haɗa baki da dillali aka sayar da gidan gado tun ba a raba ba.

3.0 Hukuncin a fiƙihun Malikiyya

Malaman fiƙihu suna kiran wanda ya sayar da kayan wani ba da izini ba fuduli, watau mai shisshigi ko ɗan karambani. Mazhabobi sun saɓa a kan cinikinsa. Shafi'iyya da Hanbaliyya, a mashahurin zancensu, sun ce ɓatacce ne tun daga tushe, suna kafa hujja da hadisin Hakimu ɗan Hizamu wanda ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa. Malikiyya da Hanafiyya kuwa sun ce cinikin ya ƙullu, amma a rataye yake har sai mai kaya ya yi magana. Hujjarsu ita ce labarin Urwatu al-Bariƙi da ke cikin Sahihul Buhari: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka. Ba a umurce shi da sayarwa ba, amma yardar da ta biyo baya ta inganta cinikin.

Da yake alƙalan wannan ƙasa da Malikiyya suke hukunci, suna dogara da Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnada wanda ya rasu a 1426, wannan ra'ayi na biyu shi ne abin lura. Ma'anarsa ita ce zaɓi yana hannun mai gida. In ya ga dama ya zartar da cinikin ya karɓi kuɗinsa, in ya ga dama ya warware ya riƙe gidansa. Mai saye ba shi da ikon tilasta masa, ko da ya biya kuɗi lakadan, sai dai ya bi dillali ya karɓi abinsa.

Amma wannan zaɓi yana da wa'adi, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asara. Masu sharhin Muhtasar, irin su Dardir, sun rarrabe tsakanin hali biyu. Idan mai gida yana zaune a majalisin da aka yi cinikin, yana ji yana gani, ya yi shiru ba da wani uzuri ba har aka watse, to cinikin ya hau kansa. Abin da ya rage masa shi ne neman kuɗin daga wanda ya sayar, shi ma cikin shekara guda. Idan kuwa ba ya nan aka yi, yana da shekara guda daga ranar da ya sami labari ya warware. In shekarar ta wuce bai motsa ba, gida ya tafi, sai dai kuɗin, wanda haƙƙinsa a kai yana nan har tsawon wa'adin hauzi, watau shekara 10. Shiru ma magana ce, kuma a wannan babi shari'a tana fassara ta da yarda.

A ɗauka wani magidanci daga Furana ya tafi ci-rani, ya bar wa dillali sallahu cewa in an sami mai so a naira miliyan 5 a sanar da shi. Dillali ya sami mai miliyan 4, ya sallama, ya karɓi rabi. Labari ya iske magidancin da kaka. Idan ya aiko da ƙin yarda a gaban shaidu, ko ya kai ƙara kafin kaka ta zagayo, gidansa yana nan. Idan kuwa ya ce bari ya tara guzuri tukuna, ko ya ji nauyin surukinsa da ya shiga maganar, har shekara ta cika, ya yi sake. Haka kuma idan ya karɓi wani abu daga kuɗin, yana sane da inda suka fito, ya biya kuɗin makarantar yara, wannan karɓa zartarwa ce.

Wanda aka wakilta da gaske ma yana da iyaka. Wakili amintacce ne, kuma an ɗaure shi da abin da aka faɗa masa. Idan an ambata masa farashi ya sayar ƙasa da shi, mai gida yana da zaɓin karɓa ko mayarwa. Idan ba a ambata ba, wajibi ne ya sayar a kan kuɗin da irin wannan gida yake yi a garin. Ba ya halatta ya sayar wa kansa, ko ɗansa ƙarami da ke ƙarƙashinsa, sai da iznin mai gida, domin mutum ba ya zama mai tayi kuma mai sallamawa. Rarar da aka samu bisa farashin da aka yanka ta mai gida ce, sai fa in tun farko ya ce abin da ya hau na dillali ne.

Idan gardama ta tashi, dillali ya ce an ba shi izni mai gida ya ce bai bayar ba, nauyin kawo shaida yana kan dillali, domin asali shi ne rashin izni. In ya kasa, mai gida ya rantse.

Game da gidan gado, kowane magaji ya mallaki rabonsa tun ranar da mamaci ya cika, ko da ba a raba ba. Wanda ya sayar da gidan duka ya yi shisshigi a rabon 'yan'uwansa, kuma kowannensu yana da zaɓin da aka bayyana. Ko rabonsa kaɗai ya sayar wa bare, sauran suna da haƙƙin shufu'a, watau su biya abin da baren ya biya su karɓe, muddin ba su yi shiru har kimanin shekara ba bayan sun sani. Rabon maraya kuwa ba ya sayuwa sai ta hannun wasiyyi ko alƙali, bisa dalilin da shari'a ta yarda da shi. Mata da marayu su ne wannan ɓarna ta fi faɗa wa, domin su ne labari yake iskewa a makare.

4.0 Hukuncin a dokar da aka gada daga Ingila

Manyan kotunan Nijeriya suna aiki da ƙa'idojin wakilci na dokar Ingila. Hukunce-hukuncen kotunan Ingila na bayan 1900 ba su ɗaure alƙalan Nijeriya ba, amma ana kafa hujja da su. Abin sha'awa shi ne yadda hanyoyin biyu suka haɗu a wuri ɗaya. A dokar Ingila ma aikin dillalin gida shi ne nemo mai saye. Ba shi da ikon sa hannu a yarjejeniyar sayarwa a madadin mai gida sai an ba shi wannan iko a fili. Idan ya yi, mai gida yana iya ƙi, yana kuma iya zartarwa. Shari'ar Bolton da Lambert ta 1889 ta nuna cewa zartarwa tana komawa baya, a ɗauka kamar da izni aka yi tun farko. Sharaɗi shi ne mai gida ya san dukan abin da aka ƙulla, ya zartar cikin lokacin da ya dace, kuma ya ɗauki cinikin gaba ɗayansa, ba shi da damar karɓar kuɗi ya ƙi ba da gida.

Batun kafin alƙalami ya zo a shari'ar Sorrell da Finch, wadda Majalisar Dattawan Ingila ta yanke a 1976. Wani dillali ya karɓi kuɗin kamu daga mutane da dama a kan gida ɗaya, tun ba a ƙulla yarjejeniya ba, ya gudu. Ɗaya daga cikinsu ya kai mai gidan ƙara. Kotu ta ce mai gida bai ba dillali ikon karɓar kuɗi a madadinsa ba, don haka ba shi zai biya ba. Tun 1857 kuma, a shari'ar Collen da Wright, aka kafa cewa wanda ya yi da'awar wakilcin da ba shi da shi, shi zai ɗauki asarar wanda ya yarda da maganarsa.

Ɓoye tayi ma laifi ne. A shari'ar Keppel da Wheeler ta 1927, mai gida ya amince da tayin fam 6,150 kafin a rattaba hannu. Wani ya zo ya taya fam 6,750, dillalan ba su sanar da shi ba. Kotu ta sa suka biya shi bambancin. Haka nan duk ribar ɓoye da dillali ya ci, ko toshiyar da ya karɓa daga mai saye, mai gida yana da ikon ƙwato ta, kuma dillalin yana iya rasa la'adarsa.

Akwai rami guda da ya kamata a kiyaye. Idan mai gida da kansa ya yi abin da zai sa mai hankali ya gaskata cewa dillali yana da iko, alal misali ya gabatar da shi ga mai saye ya ce duk abin da suka yi ya yi, ko ya danƙa masa takardun gida na asali tare da takardar wakilci mai faɗi, kotu tana iya hana shi musun wakilcin daga baya. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka ga wanda aka ba, amma tana ba shi ikon yin abin da aka rubuta a cikinta da sunan mai ita. Wanda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba ya ba da wuƙa da nama.

5.0 Dokar Amfani da Ƙasa

Tun daga shelar 1910, da Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, ƙasa a Arewa tana ƙarƙashin kulawar hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta ranar 29 ga Maris 1978 ta shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya duka, ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare ta. Abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne, ko wanda gwamna ya bayar, ko na gargajiya wanda ƙaramar hukuma take bayarwa a wajen birane. Sashe na 22 ya hana mayar da na farko ga wani sai da yardar gwamna, sashe na 21 ya hana mayar da na biyu sai da amincewar ƙaramar hukuma, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar banza ne. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta ce sharaɗin yardar gwamna ya hau har kan waɗanda suka mallaki gidajensu a birni tun kafin 1978.

Amfanin wannan ga mai gida shi ne cinikin dillali ba ya kammala a zaure. Sai an bi ta ofis, kuma mai riƙe da haƙƙin shi ne yake neman yardar. A Jihar Kaduna rajistar filaye tana hannun hukumar KADGIS, wadda aka kafa da dokar 2015. Mai gidan da ya ji ƙishin-ƙishin yana iya rubuta wa wannan hukuma, ko sashen filaye na ƙaramar hukumarsa a Ikara, ko Makarfi, ko Hunkuyi hedkwatar Kudan, ya sanar cewa bai sayar ba, domin a dakatar da sauya suna. A nan ma'aikacin gwamnati yake da nauyi babba, domin fayil ɗin da ya wuce ta teburinsa ba tare da an ga mai gida ko sahihin wakilinsa ba yana iya raba iyali da muhallinsu. Haka ma mai unguwa da dagaci, waɗanda hatiminsu ne mai saye yake dogara da shi a karkara.

6.0 Inda ake kai kuka

Sashe na 39 na dokar 1978 ya keɓe wa Babbar Kotun Jiha shari'ar filin da gwamna ya ba da haƙƙinsa. Sashe na 41 ya ba ƙananan kotuna na yanki da na gargajiya ikon sauraron ta haƙƙin gargajiya, kuma a Jihar Kaduna kotunan shari'ar Musulunci da na gargajiya ne suka maye gurbin kotunan yanki tun 2001. A shari'ar Adisa da Oyinwola ta 2000, Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotu ma tana da hurumi a filayen karkara. A wannan shekara kuma, a shari'ar Magaji da Matari, ta ce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba ta da hurumi a rikicin mallakar fili tsantsa, sai wanda ya shafi al'amura irin su gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Kuskuren kotu yana cinye shekaru, domin hukuncin da aka yi ba da hurumi ba rushe shi ake yi a koma farko.

Abin da mai gida zai roƙa shi ne a tabbatar cewa cinikin bai ɗaure shi ba, a hana mai saye shiga ko rushewa ko gini, a mayar masa da takardunsa, a kuma biya shi diyyar asararsa. Ta fuskar laifi, cin amana da zamba da ƙirƙirar takardar jabu duk laifuffuka ne a kundin hukunta laifuffuka na Jihar Kaduna na 2017, kuma dokar tarayya ta 2006 a kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Idan dillalin ƙwararren mai kimanta gidaje ne, ana iya kai ƙararsa ga hukumar rajistarsu, wadda Doka ta 24 ta 1975 ta kafa. Sai dai yawancin dillalan karkara ba sa cikin wannan rajista, abin da yake tsare su shi ne shugabannin sana'arsu da idon jama'a. Sulhu a gaban dagaci ko hakimi alheri ne, amma kada zaman sulhu ya cinye wa'adin shekara.

7.0 Kammalawa

Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa sun haɗu a kan cewa sallamawa ta mai gida ce, kuma dukansu suna juya wa wanda ya sani ya yi shiru baya. Saboda haka tun ran gini ran zane. Wanda zai ba da gidansa ga dillali ya rubuta, a gaban shaidu biyu, cewa aikin nemo mai saye ne kawai, ya ambaci farashi da la'ada da ranar da wakilcin zai ƙare. Ya riƙe takardunsa na asali ya ba da kwafi. Kuɗi su shiga hannunsa ko asusunsa kai tsaye. Idan gidan na gado ne, a raba tukuna, ko kowane magaji, mace da namiji, ya furta yardarsa da bakinsa. Ranar da ya ji an yi ciniki a bayansa, a ranar zai sanar da dillali da mai saye da mai unguwa cewa bai yarda ba, a rubuce, kuma kada ya taɓa ko kwabo daga kuɗin.

Mai saye shi ma yana da nasa rabon. Bai kamata ya ƙirga kuɗi ba sai ya zauna da mai gida ido da ido, ya tambayi maƙwabta, ya bincika a ofishin filaye. Wanda ya ga arha ta yi yawa, aka kuma ce masa mai gidan ba ya son a gan shi, ya rufe ido ya biya, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ɗaliban da ke wannan zaure su ne alƙalai da lauyoyi da jami'an filaye na gobe, kuma su ne za a kira su karanta takarda idan an koma gida hutu. Ya kamata su karanta wa iyayensu ita har ƙarshe, su fassara kowane layi, kafin a kawo tawadar dangwale.